Aljihun da Ban Sa a Ɗinka Ba

Kafin ƙarfe bakwai na safe ta riga ta buɗe shago. Ɗan ƙaramin wuri ne, a matse tsakanin mai sayar da magani da mai gyaran waya, idan mutum uku suka shiga sai na huɗu ya tsaya a bakin ƙofa. Tana share gabansa, ta fito da benci, ta yaye ƙyallen da take rufe keken ɗinki da shi, ta ɗiga masa mai. Sannan ta zura baƙin zare a allura ɗaya, fari a ta biyu, shuɗi a ta uku, ta soke su a kafaɗar rigarta, don ta san abin da ke tafe. Nan da minti goma mata za su fara faɗowa a guje. Wata zif ɗin siket ɗinta ya buɗe tana saukowa daga mota, wata ɗanta ya tsinke mata maɓalli yana kukan kada a bar shi a makaranta, wata kuma jariri ya yi mata tumbuɗi a kafaɗa, ga shi yau manyan ofis za su zo. A tsaye take ɗinke su, rigar na jikinsu, tana cewa, "Kada ki motsa, in na soke ki ba ruwana." Mai tumbuɗi kuwa sai ta miƙa mata gyale daga cikin waɗanda ta rataye a ƙusa, ta ce ta dawo da shi a wanke.

Shekara ashirin da shida ke nan tana wannan. Ƙarshen watan nan za ta rufe shagon, saboda bayanta ya ƙi, ɗanta kuma ya matsa ta koma wurinsa ta huta. Matan layinmu suka ce ni zan rubuta mata wani abu, tunda ni ce alƙalami bai yi wa nauyi ba. Na karɓa. Amma gara in faɗa tun yanzu kada wata ta tona ni daga baya: a duk matan da suka taɓa zama a bencin nan, babu wadda ta kai ni kishin matar nan, kuma har yau kishin bai gama sakina ba.

Mai Aljihu muke ce mata. Ita ma ba ta kiran kowa da suna, da aikinki take kiranki. Akwai Ta Banki, akwai Malama, akwai Ta Kanti. Ni Ta Kati ce, domin a ɗakin kati na asibiti nake aiki, inda ake ciro wa marasa lafiya fayil. Ranar da na fara shiga shagonta ina sabuwar ma'aikaciya, da goyo a baya da albashin da ba ya kai wa tsakiyar wata, na nuna mata hoton wata riga a mujalla na ce irinta nake so. Ta kalli hoton, ta kalle ni, ta kalli goyon, ta ce, "Wannan rigar matar da ke da mai aiki ce a gida. Juye mini jakarki."

Na zaci wasa take yi. Ashe haka take wa kowa. Na juye jakar a kan teburin yanka: makullai, waya, biro biyu, katin shaidar aiki, kwalbar maganin zazzaɓin yara, safa ƙafa ɗaya, da guntun biskit. Ta ware abin da hannuna zai riƙa nema cikin gaggawa, ta auna su da tafin hannunta, ta yi wa kowanne aljihu. Na waya a dama, mai zurfi, yadda ko na sunkuya ɗaukar yaro ba za ta faɗo ba. Na makulli a hagu, da ɗan madauki a ciki. A cewarta, macen da ke saɓe da yaro hannu ɗaya gare ta, wanda ya ɗinka mata riga babu aljihu ya ƙwace mata ɗayan.

Kayan nata kuwa yawanci gwanjo ne, kuma ba ta ɓoyewa. Ranar da ake kwance dilar gwanjo a kasuwa tana can tun ba a fara rububi ba. Ba ta duba ado. Damƙe yadin take yi a hannu ta ƙirga goma ta saki, idan ya yamutse ta jefar, ta ce ba ta da matan da ke da lokacin guga. Ta kan zaɓi launin da ke ɓoye tabon nono da shatin hannun yaro. Ta dawo ta wanke, ta farke, ta rage kafaɗa, ta ƙara tsawo, ta canza maɓallai, sai ki ga kwat ɗin da wata ta yar ta zauna miki kamar a jikinki aka yanka. Siket biyu, riga uku da kwat ɗaya, ta koya miki yadda za ki juya su kwana biyar ba wanda ya gane. Abin da take karɓa bai taɓa hana wata sayen madara ba.

Ta Banki ta ce in tabbata na rubuta nata labarin. Da ta koma aiki bayan haihuwa, ƙanwarta ce ke kawo mata jaririn da rana ta shayar da shi a ɗakin ajiye takardu, cikin minti goma sha biyar. Rigar aikinsu a baya take zugewa, kafin ta tuɓe ta mayar lokaci ya tafi, yaro na tsala ihu, manaja na leƙe. Har ta rubuta takardar ajiye aiki. Mai Aljihu ta karɓi rigar ta kwana biyu da ita, ta dawo da ita da siririn zif a ɓoye ƙarƙashin ninki, dama da hagu, ko ke da kika sa sai kin laluba. Yanzu Ta Banki ce manajar, kuma duk yarinyar da ta haihu a wurinsu sai ta turo ta shagon nan.

Malama kuma siket ɗinta ta kawo mini har gida in gani. Ta juya cikinsa ta nuna mini inda Mai Aljihu take barin yadi faɗin yatsa uku a kalmashe a kowane gefe, abin da take kira ajiya. In ciki ya fito a saki ajiya, in an yaye a mayar. Siket ɗin nan ya ga ciki uku. Malama ta ce mijinta ya taɓa cewa da siket ɗin zai yi magana, da shi za a riƙa tambaya shekarun yaran.

Wata tsohuwa da suka yi aiki tare a masaƙa ce ta gaya mana inda duk wannan ya samo asali. Tana ƙuruciya, da ɗanta na goye, nono ya taɓa jiƙa mata gaban riga ana tsakiyar aiki, shugaban sashe ya tsayar da ita gaban maza ya ce ta je gida ta koyi tsafta. Ba ta koma ba. Ita da bakinta ba ta taɓa ba mu labarin nan ba, in an tambaye ta sai ta ce hayaniyar injin ce ta ishe ta.

To, duk wannan na yarda da shi, kuma shi ne abin da kowa zai faɗa. Nawa daban ne.

Makarantar yara tana tashi ƙarfe biyu, ni ina tashi ƙarfe biyar. Duk uwar da ke aiki ta san awa ukun nan, su ne ke sa mace ta rame. Babban ɗana ya yi su a gidan kakarsa, amma lokacin da Auta ta shiga makaranta kakar ta rasu, mijina kuma direban babbar mota ne, sai ya yi mako ba ya gari. Mai Aljihu ce ta ce, "Ki ce wa mai kai su ya riƙa sauke ta nan. Benci ba ya cewa ya gaji." Haka Auta ta fara zama a shagon tana shekara biyar. Ta yi aikin gida a kan teburin yanka, ta tsince allurai da maganaɗisu, ta yi barci a kan buhun ƙyallaye. Inna take ce mata.

Da farko godiya nake yi. Daga baya na fara lura. Haƙorinta na farko a shagon ya fita, a ƙulle cikin ƙyalle aka ba ni shi. Karatu a shagon ya buɗe mata, a jikin takardun zare. Idan na ce ta sa rigar sanyi sai ta ce, "Inna ta ce yau ba sanyi." Idan ta faɗi ta ƙuje gwiwa a gida sai ta ce a bari gobe Inna ta duba. Ni da na yi naƙudarta kwana biyu, na koma mai raka ta gida da yamma. Na kan tsaya a tsallaken titi in hango su, kai a haɗe, suna dariya, in na shigo sai dariyar ta tsaya, a ce, "Umma ta zo, ɗauko jakarki." Wallahi sai kishi ya kama ni. Na taɓa gaya wa mijina, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Mata na kishin masu kuɗi, ke kina kishin tela." Ban sake gaya masa ba.

Mai Aljihu, ke ce kika san lambar takalminta a shekarun da ni sai na duba ƙasansa. Ke ce kika fara gane ba ta ganin allo sosai, kika ce in kai ta a auna mata ido, ni da nake wuni a asibiti kullum. Na kai ta, aka ba ta tabarau, na zo na yi miki godiya da baki, zuciyata kuwa kamar ta fashe.

Abin ya kai ƙarshe wata Lahadi da rana, Auta tana shekara goma sha biyu. Ina goge mata kayan makaranta sai dutsen guga ya yi karo da wani tudu a ƙugun siket. Na juya cikinsa. Wani ɗan aljihu ne, tsawon tafin hannu, a ɓoye ta ciki, da ƙaramin maɓalli. Ɗinkin ba ya ɓuya, na san hannun. Ni ban sa a yi shi ba. Na buɗe, na ga audugar mata a ninke. Na ɗauko ɗaya siket ɗin, shi ma da nasa, zaren har ya fara koɗewa da wanki. Wato 'yata ta fara al'ada, ba yau ba, ba jiya ba, kuma ni ce ban sani ba.

Ban ma kashe dutsen gugar ba. Na ɗauki siket ɗin na fita da silifas, na same ta ita kaɗai tana farke wata kwat. Ko gaisuwa ban yi ba, na ajiye shi a kan keken.

Na ce, "Yaya, mene ne wannan?"

Ta ce, "Aljihu ne."

"Na ga aljihu ne. Wa ya sa ki?"

"Ba wanda ya sa ni. Yarinya ba za ta riƙa zuge jaka gaban maza a aji ba."

"Tun yaushe?"

"Wata na uku ke nan."

Na ce, "Wata uku! Ni na haife ta ko ke? Ajiyarta na ba ki, ban ce na bar miki ba. Me zai hana ki kira ni?" Na faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta ba, har mai gyaran waya ya leƙo.

Ta bar ni na gama. Sannan ta ajiye almakashi ta ce, "Zauna, Ta Kati." Ban zauna ba. Ta ce, "Ranar ta shigo mini da jaka a manne a bayanta, ta zaci ciwo ne. Na wanke mata siket, na ba ta abin da za ta sa, na ce ba ciwo ba ne, girma ne. Iyakar abin da na gaya mata ke nan. Na ce sauran bayanin na uwarki ne, ki je ki same ta. Washegari na tambaye ta, ta ce kin ce anjima. Bayan kwana biyu na sake tura ta, ta ce kina waya, kin ce anjima. Na uku ta ce kin dawo da ciwon kai, kin ce anjima. Daga nan ta ce mini, Inna ki bari, Umma ta gaji. Na so in kira ki, ta kama hannuna tana kuka, ta ce ita take so ta gaya miki da bakinta. Har yau ban ƙara mata ko kalma ɗaya ba. Maganar tana nan tana jiranki."

Nan take abin ya dawo mini. Na tuna ta tsaya a ƙofar kicin tana murza bakin rigarta, ta ce, "Umma, in gaya miki wani abu?" Ni kuma ina juya tukunya da hannu ɗaya, ɗaya hannun da waya, ana tambayata inda na ajiye fayil ɗin wani. Anjima ba ƙi ba ne a wurina. Kalma ce da nake faɗa sau hamsin a rana ta tagar ɗakin kati, ga mutanen da suka san za su jira. Ban san na taho da ita gida ba.

Da na koma na tarar Auta ta kashe dutsen gugar, tana zaune a bakin gado, ta ga siket ɗaya ba ya nan. Na zauna kusa da ita. Bayanin da na yi mata a ranar bai yi kyau ba, na yi ta in'ina, na haɗa abin da uwata ta gaya mini da abin da na ji a asibiti. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta yi mini tambayoyi huɗu da ta ce ta daɗe tana ajiye da su.

Kuna zaton daga nan na je na ba Mai Aljihu haƙuri? Ina! Kunya da kishi suka haɗu, na cire Auta daga shagon, na ce ta riƙa jira a gidan maƙwabciya. Na kwashi kayana na kai wa wani tela a bakin kasuwa, don in nuna ba ita kaɗai ta iya ba. Ya ɗinka mini riga mai kyau a ido, da aljihun da ko yatsu uku ba sa shiga, ranar farko wayata ta faɗi a matakalar asibiti ta tsage. Auta kuwa ta daina cin abincin kirki. Wata ɗaya na iya. Na koma da rigar a leda da yarinyar a bayana, ina shirya abin da zan ce. Mai Aljihu ta karɓi rigar, ta zura yatsa a aljihun, ta ce, "Wannan na ajiye ƙwayar magani ne?" Ta ɗauki reza ta fara farkewa. Ta dubi Auta ta ce allurai sun zube a ƙarƙashin tebur tun wancan watan ba mai tsincewa. Shi ke nan, ba ta taɓa tayar da maganar ba.

Yanzu Auta tana da shekara ashirin da uku. Ta sami aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje, za ta fara ranar ɗaya ga wata. Makon jiya ta ce za ta je Inna ta auna ta kafin a rufe shago, na ce zan raka ta. A hanya ina ta saƙa yadda zan zauna a benci in kalle su suna ƙus-ƙus kamar kullum.

Mun tarar rabin kayan an ɗaure a kwali. Mai Aljihu ta ciro tef ɗin awo daga wuyanta, ta ɗaga shi ta ƙanƙance ido, ta yi tsaki, ta ce, "Idon nan ya tafi, lambobin sun zama tururuwa. Ta Kati, zo ki auna ta, ni in rubuta." Ta koma can ƙuryar shago ta zauna a kan kwali da littafinta.

Na karɓi tef ɗin. Ta ce in fara da kafaɗa. Na ɗora hannu a kafaɗar 'yata, sai na rasa yaushe rabon da in taɓa ta haka, tun tana ƙarama ina cuɗa mata baya. Kafaɗun sun fi nawa faɗi. Akwai wani ɗan tabo a bayan wuyanta da ban san da shi ba. Na auna hannu, na auna tsawo. Da na zagaya tef ɗin a ƙirjinta dole na rungume ta, sai na ji zuciyarta na bugawa da sauri. Ta yi ƙasa da murya yadda ni kaɗai zan ji, ta ce, "Umma, tsoro nake ji. In na je na kasa fa?" Na tsaya a haka, hannuwana a zagaye da ita, na gaya mata yadda na yi kuka a banɗaki ranar da na fara aiki, da yadda na ɓatar da fayil uku kafin azahar. Ta yi dariya, hawaye na zuba. Mun daɗe a haka, Mai Aljihu na can ƙuryar shago tana buɗe shafukan littafinta.

Da na tuna da aikin da aka sa ni, na duba tef ɗin ido duk ruwa, na ce, "Talatin da shida."

Daga can inda take zaune, taku huɗu tsakaninmu, ta ce, "Da takwas ne. Duba da kyau."

Na duba. Talatin da takwas ne. Na ɗago na kalle ta, ta sunkuyar da kai tana rubutu kamar ba ita ba.

Mai Aljihu, mai sutura da rufin asiri, na gode. Matan layin nan sun gode da rigunan da suka riƙe musu aiki, ni kuma godiyata ta yarinyar nan ce. Ta kawo kanta wurinki da hannu biyu, da kin so da kin riƙe, ba wanda zai ga laifinki, amma kullum sai ki juyo da ita wajena. Allah ya saka miki da alheri, ya ba bayanki lafiya, ya sa ɗanki ya yi miki abin da kika yi wa namu. Ku kuma masu keke da almakashi, ku riƙa tambayar mace abin da take ɗauke da shi kafin ku yanka. Wadda aka ba ajiyar 'ya'yan wata, ta so su iya son ranta, amma ta bar wa uwar tata maganar.

Auta ta ce ranar da za a rufe shagon za ta yi kuka, kuma na san za ta yi. Zan tsaya a gefe in kalle ta, in ji abin da na saba ji, ba zan yi muku ƙarya ba. Sai dai in ta gama, ni za ta biyo gida, kuma ke kika sa.